Zaki, zaƙi da za ki: jagoran rarrabe gajerun kalmomi masu kama da juna a rubutu

Wata Juma'a da la'asar ina shago a wajen Wunti, cikin garin Bauchi, ina cikin buga katin gayyata, sai saƙon ƙanwata ya shigo waya: "Yaya baba ya fadi a masallaci." Ko kwamfuta ban tsaya kashewa ba. Na tare Keke Napep, muna tafe ina ta kiran lambarta, ba ta shiga. Ina isa gida na tarar da tsoho a zaure bisa tabarma yana ɓarar gyaɗa, lafiyarsa ƙalau. Ashe ranar ɗaurin aurenta ce ya sanar wa jama'a bayan an idar da salla.

Na ce, "Ke, yanzu wannan saƙo ne?"

Ta ce, "To Yaya, ai abin da ya faru na rubuta. Ya faɗi."

Kuma da gaskiyarta. Ko da ta sa wa d ɗin ƙugiya, haruffan ba za su sake ba. Faɗi na furta magana da faɗi na yanke jiki, tufarsu ɗaya a takarda. Da a baki ta gaya mini, ko kusa ba zan ruɗe ba, domin na yanke jiki ana jan "fa" ɗinsa, na magana kuwa a gajarce yake.

Kunnen mai jin Hausa ba ya rikita waɗannan kalmomi. Yaro ɗan shekara biyar ka aike shi sayen gari, ba zai tambaye ka na tuwo ko na Azare ba. Hannu ne ke rikita su. Rubutun boko yana da wasula biyar, alhali baki yana furta goma, tunda kowanne akwai gajere akwai dogo. Hawa da saukar murya, wanda malamai ke kira karin sauti, shi ma ba a nuna shi. A nan ajami ya ɗara boko da taki ɗaya: wanda ya yi karatun allo zai sa alif ko wawu ya nuna an ja wasali. Boko ya bar wa mai karatu wannan aiki. Mu kuma muka ƙara da namu sakacin, muka zubar da ƙugiya, muka manne kalmomin da ya kamata a raba.

Sana'ata ke nan, buga rubutun mutane da gyara shi: katin biki, sanarwar cigiya, takardar yarjejeniyar haya, wani lokaci kundin ɗalibai. Ga hanyar da nake bi, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: furta, ka gano inda bambancin yake

Kafin ka taɓa komai, karanta jimlar a bayyane, da muryar da za ka gaya wa mutumin da ke zaune gabanka. Karatun zuci ba ya kama kuskure, don ido yana ganin abin da ka yi niyya ne. Duk inda ka ci karo da gajeruwar kalma, mai gaɓa ɗaya ko biyu, tambayi kanka ko tana da tagwai. In tana da shi, me ya raba su? Ko dai ƙugiya ce, ko tazara, ko ninkin baƙi da alhamza, ko kuwa murya kawai. Ukun farko hannunka zai iya gyara su nan take. Na huɗun sai an sake gina jimla, shi ya sa na bar shi ƙarshe.

Mataki na biyu: ƙugiya

Baƙaƙe uku ne ke ɗauke da ita a rubutun Nijeriya, ɓ da ɗ da ƙ. Na huɗunsu muna rubuta shi 'y, mutanen Nijar kuma suna rubuta shi ƴ. Kafin a tsayar da ƙugiyar a shekarun 1930, masu rubutu ɗigo suke sa wa a ƙarƙashin baƙin, ko su rataya masa waƙafi a gefe. Wato tun farko an san b da ɓ ba abu ɗaya ba ne, ana ta neman yadda za a nuna.

Kusan duk katin da aka kawo mini a rubuce da hannu, sai na ga "manyan baki". Mai biki yana nufin baƙi, amma ya zagi mutanen da ya gayyato. Akwai ranar da wani mai ɗori ya kawo rubutun allon shagonsa, ya sa "gyaran kashi". Na ja shi gefe na karanta masa yadda aka rubuta, ya yi dariya har da riƙe ciki, muka mayar da shi ƙashi. Unguwar Bakin Kura ma da ke cikin garin nan, in ka sa ƙugiya inda babu, ka koma maganar baƙi da ƙura.

Hanyar gwaji ita ce ka sa tafin hannu gaban bakinka ka ce "kasa", sannan ka ce "ƙasa". A ta farko iska za ta buso tafin. A ta biyu maƙogwaro ne ke rufewa, sautin ya fito da ɗan ƙas, kamar an karya tsinke. Ɓ da ɗ kuwa, ka dafa maƙogwaro za ka ji ya ɗan sauka.

Sai dai wannan gwaji ba kowa zai yi wa aiki ba, kuma gara a faɗi gaskiya. Da yawanmu a Bauchi da Gombe mun tashi da wani harshe a gida kafin Hausa ko tare da ita. Fulatanci, alal misali, yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ. Shi ya sa za ka ji Bafulatanin Dukku ko na Jama'are ya furta "ɓarawo" da "ɗaki" tsaf, ya zo kan "ƙofa" ya ce "kofa". In kana cikin masu furta k da ƙ iri ɗaya, kunnenka ba zai cece ka ba, sai hadda. Kuma haddar jeri ba ta zama, ta jimla ce ke zama. Ga irin waɗanda nake ba yaran shago:

Ya kasa tumatir a ƙasa, ya kasa sayarwa. Ƙaya ta soke shi a ƙafa yana ɗauke da kaya. Kura ta gudu ta ta da ƙura. Ƙara mini kara in hura wuta. An zuba koko a ƙoƙo. Haka ake haƙa rijiya. Duka suka duƙa. Jika ya jiƙa wa kaka gero. Ta saka zaren da ta saƙa a jaka.

Na ɓ da ɗ ma haka: An yi faɗa a fada. Ban taɓa shan taba ba. Kada ka kaɗa ganga. Daga nan ya ɗaga hannu. Mace guda ta yi guɗa. Haba, ka aske haɓa! An raba gona tun raɓa ba ta bushe ba. Ka lura da bari da ɓari musamman, domin "ta yi ɓari" labarin jaje ne ga mai juna biyu, bai kamata a bar mai karatu yana lalube ba.

Akwai kuma cutar wanda ya fara koyo, wato yayyafa ƙugiya ko'ina. Na sha ganin "ƙasuwa" da "ƙuɗi". Kasuwa ba ta da ƙugiya, kuɗi kuma guda ɗaya gare shi, a kan ɗ. Ƙugiyar da aka sa ba a muhallinta ba ta fi wadda aka manta muni, don mai karatu zai ɗauka da gangan aka sa ta.

Yadda za ka samu baƙaƙen ba shi da wuya. A waya mai Gboard, shiga saitin allon rubutu, ka je wajen harsuna, ka ƙara Hausa. In ba ka ga baƙin a fili ba, danne b ko d ko k ka ɗan riƙe, mai ƙugiyar zai leƙo. A kwamfuta cikin Word, rubuta 0253 ka danna Alt da X tare, zai zama ɓ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ƙ kuma 0199. Manyansu: 0181 na Ɓ, 018A na Ɗ, 0198 na Ƙ. Ka bar tazara kafin lambar, in ba haka ba wasalin a ko e da ke gabanta zai shiga lissafi, wani baƙon abu ya fito. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rubuta "qasa", "xaki" da "varawo". Wannan ya samo asali ne daga tsofaffin salon haruffan kwamfuta da suke aron q da x da v su nuna masu ƙugiya. A na'urar da ba ta da salon, aron ne ke fitowa tsirara. Yanzu da kowace waya ke iya nuna ƙ, babu dalilin ci gaba da shi.

Mataki na uku: tazara

Nan ne ɓarnar ta fi yawa, nan kuma ya fi sauƙin gyara in ka riƙe dabara ɗaya: musanya wakilin suna ka gani.

Ɗauki "ya kamata" da "ya kama ta". Cire "ta" ka sa "shi". In jimlar ta tsaya da ƙafarta, "ya kama shi", to kalmomi biyu ne, sai a raba. In ta rushe, kamar "ya kama shi mu tafi" a wurin "ya kamata mu tafi", kalma ɗaya ce. Wani ɗalibi ya taɓa rubuta a kundinsa, "mijin ya kamata da laifi". Sai da na karanta sau uku kafin na gane kama matar aka yi.

Da wannan dabarar za ka warware tarin su. "Ga shi" yana komawa "ga ta", "ga su", gashin kai kuwa ba ya komawa komai. "Ba shi" yana komawa "ba ta", bashin da ake bin mutum ba ya motsi. "Ta ce" tana komawa "sun ce", tace koko kuma sai da rariya. "Ka ji" yana komawa "kun ji", kaji suna akurki. "Ta yi" ba tayin kasuwa ba ne, "ya yi" ba yayin atamfa ba ne. "Ga ni" daban, gani da ido daban. "Ga mu" daban, gamu da mutum a hanya daban. "Su ma sun zo" ba suma ba ce, "ku ma" ba kuma ba ce. "Sa ta a mota" in ka manne shi, ka yi sata a mota. "Ta ƙi" in ka manne ka zubar da ƙugiya, ka kai taki gona. "Ya ƙi" da yaƙi, tazara ce kaɗai tsakaninsu, amma ɗaya gardama ce, ɗaya jini.

"Za" ita ce uwar rikici. Ƙa'idar ita ce, zan da zai a haɗe suke, saboda asalinsu "za in" da "za ya" ne suka narke. Sauran duk a rabe: za ka, za ki, za ta, za mu, za ku, za su, za a. Saurayi ya rubuta wa budurwa "zaki zo gobe?" ya kira namun dajin Yankari. In ya manne "za ta", ya koma zato. Haka "ba" take: "ban" da "bai" a haɗe, amma ba na, ba ka, ba ta, ba ya, ba su a rabe. "Bana noma" na iya zama wannan shekarar noma za a yi, alhali mutumin cewa yake ba ya noma. Baka na maharbi ne, baƙa launi ce, "ba ka" korewa ce ko miƙawa. Uku ke nan daga haruffa huɗu.

Yanzu kada ka ɗauki almakashi ka bi kowace kalma. Akwai waɗanda a haɗe suke, kuma raba su kuskure ne: yana, tana, muna, suna, yake, take, suke, muka, kuka, suka, yakan, takan, sukan, mini, maka, masa, mata, mana, da 'yar mallakar da ke manne da suna, kamar gidansa, motarta, garinmu.

Nasa da "na sa" suna buƙatar gwaji biyu. Mayar da jimlar jam'i. In ta zama "nasu", mallaka ce, a haɗe: littafin nasa ne. In ta zama "mun sa", aiki ne, a rabe: na sa hula. Tasa da "ta sa" haka, ga kuma tasar cin abinci ta uku a gefe. "Abin da ya sa" kullum a rabe yake, yasa kuwa rijiya ake yi wa.

Akwai wanda ko masu gyara sukan yi gardama a kansa: "yana sonta" da "yana son ta zo". A na farko, so suna ne, "ta" mallaka ce, kamar a ce gidanta, don haka a haɗe. A na biyu, "ta" ta fara sabuwar magana, ita ce mai zuwan, don haka a rabe. Gwajin shi ne ka mayar da ita namiji. In ka samu "sonsa", haɗa. In ka samu "son ya zo", raba. Ni dai a na biyun nakan sauke nauyin gaba ɗaya in rubuta "yana so ta zo", kowa ya huta.

Kowa da "ko wa" ma haka. Kowa ya zo, wato babu wanda ya rage. Ko wa ya zo, ka ce ba na nan, wato duk wanda ya zo. Dama ta samu, ko hannun dama, ko dama fura, a haɗe. "Da ma na sani" da "da ma ina da kuɗi" a rabe.

Mataki na huɗu: ninki, alhamza da baƙin ƙarshe

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, kunne yana jin sa in an saurara. Baƙi mai ninki ana ɗan tsayawa a kansa. Daba ta 'yan daba ce, dabba tana da ƙafa huɗu. Rasa abu daban, rassan bishiya daban. Mana da manna, wada da wadda, sala ta nama da salla ta masallaci. "Za ka fitar da zakka" jimla ce mai kyau ta hadda.

Waɗanda suka fi ba mutane wahala su ne yadda da yarda. Yadda tana nuna hanya ko siffa: yadda ake dafa masa. Yarda amincewa ce: na yarda da kai. Matsalar ta zo ne daga baki, don da yawa muna furta "na yadda" in muna sauri, sai hannu ya bi baki. A takardar yarjejeniya wannan ba abin wasa ba ne. Kusa da su akwai yaɗa labari, mai ƙugiya, da "ya da", wato jefarwa.

Alhamza, ɗan waƙafin saman nan, baƙi ce mai zaman kanta a cikin kalma, kamar a sa'a, jama'a, sana'a. Ba igiyar ɗaure kalmomi biyu ba ce. Ba'a zolaya ce. "Ba a shiga" hani ne. Wanda ya rubuta "ba'a shiga" a ƙofar ofis ya haɗa biyun. Haka "za'a" kuskure ne, "za a" ne daidai. Sannan 'ya'ya, da yaya na tambaya, da Yaya da ƙanwata ke kirana: na farkon ne kaɗai ke da alhamza, guda biyu, ɗaya a gaban kowace y.

Baƙin ƙarshe kuwa matsalarmu ce ta gida. A Hausar da ake yi a nan, mutane da yawa suna sa -n ga kowane suna, namiji ko mace, a ce "motan Alhaji", "rigan yaro". A hira babu wanda zai tsayar da kai. A rubutu akwai inda yake canja lissafi. Matar Malam mutum ɗaya ce, matan Malam sun kai biyu zuwa huɗu. 'Yar kasuwa mace guda, 'yan kasuwa taro. Na taɓa karɓar sanarwar rasuwa da aka rubuta "matan marigayi", na buga waya na tambaya, ashe mace ɗaya ya bari. Da na buga yadda aka kawo, da an kwana ana tambayar ina sauran.

Mataki na biyar: waɗanda haruffa ba za su raba ba

Ka sa ƙugiya, ka raba abin rabawa, ka ninka abin ninkawa. Saura irin na ƙanwata.

Wasu tsawon wasali ne ya raba su. Garin tuwo ana jan "ga", garin zama ba a ja. Gado na kwanciya gajere ne, gadon da ake rabawa dogo. Sunan mutum dogo, "suna zuwa" gajere. Masarmu ta Bauchi, wadda Kanawa ke kira waina, doguwa ce, "masa" na "na ba masa" gajere, shi ya sa "na saya masa masa" ba ya ruɗa kowa a baki. Wasu kuma murya ce kawai. Wuyan jiki daga sama yake sauka, wuyar sha'ani daga ƙasa take hawa. Kukan yaro muryar a sama take zama, kukar miya sai ta sauka a ƙarshe. Fari na launi da fari na rashin ruwa haka. Mai na tuya murya tana faɗowa a kansa, mai na "mai gida" a ƙasa yake, ga "mai mai ya zo" kowa ya san wanda ya zo. Kai na jiki, kai da nake magana da kai, da kai saƙo. Wa na tambaya, wa na "gaya wa", da wa babban ɗan'uwa.

Yawancin waɗannan jimla tana raba su da kanta. Babu mai karanta "miyar kuka" ya ga hawaye. Aikinka shi ne gano 'yan wuraren da ma'ana biyun duk suka zauna daram, sannan ka ƙara kalma ɗaya da za ta kori guda. Da ƙanwata ta rubuta "Baba ya faɗi ranar a masallaci", ko "ya sanar", da ban bar kwamfuta a kunne ba. "An raba gado" zai fi fita in ka ce "an raba gadon marigayi". "Ya saya wa mata zane" sai ka zaɓa, matarsa ko matan gidan. "Yana da wuya" a maganar rago sai ka fayyace, kaurin wuya ko wuyar samu.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne ɗan ƙaramin "ya", da 'yan'uwansa ta, ka, na. Haruffa biyu ne, amma aiki huɗu yake yi. Akwai dogo mai nuna an gama: ya zo. Akwai gajere na cikin labari: shi ne ya zo. Akwai gajere mai murya ƙasa na umarni ko fata: ka ce ya zo. Akwai kuma mai faɗowa na tsammani: ya zo dai, in an jima. Gwajinsu jam'i ne, domin a jam'i kowanne da rigarsa: sun zo, suka zo, su zo, sa zo.

Duba wannan: "Malam ya ce yaron ya tafi." Labari Malam ya bayar, ko kora ya yi? Mayar da shi jam'i a zuciyarka. In "yaran sun tafi" kake nufi, rubuta "ya ce yaron ya riga ya tafi". In "yaran su tafi" ne, rubuta "ya umarci yaron da ya tafi". Ko wannan da muke turawa kullum: "Allah ya ba shi lafiya." Addu'a ce ga wanda ke kwance, ko albishir ne cewa ya miƙe? In addu'a ce, ƙara "amin". In albishir ne, ce "ya warke, alhamdu lillahi". Mutum yana iya fasa zuwa dubiya saboda wannan "ya" ɗin.

"Da" ma tana da fuska uku ban da ɗa mai ƙugiya. Akwai ta haɗi, gajera: ni da kai. Akwai ta zamanin baya, wadda murya ke faɗowa a kanta. Akwai ta nadama, doguwa mai murya ƙasa: da na sani. "Mutanen da" na iya zama magabata, na iya zama farkon "mutanen da suka zo". In magabata kake nufi, sa "can" ko "zamanin": mutanen da can, mutanen zamanin da. In ta nadama ce, kada ka manta ta biyunta. "Da ya zo na ba shi" an bayar. "Da ya zo da na ba shi" ba a bayar ba, kuma bai ma zo ba.

Masana harshe suna da alamominsu: su ninka wasali ko su ja masa layi a sama don tsawo, su sa 'yar karkatacciyar alama don murya ƙasa, 'yar hula don mai faɗowa. A darasi ko ƙamus suna da amfani ƙwarai. A katin biki ko saƙon waya ba na ba da shawararsu, domin mai karatu bai saba ba, zai ɗauka firinta ce ta yi datti. In ka ga dole, ninka wasalin a kalma ɗaya tak, kamar "daa", ka wuce.

In kana shakkar kalma, ƙamus ne alƙali. Na Bargery, wanda ya fito a 1934, yana nan a intanet ana bincika shi kyauta, sai dai rubutunsa na tsohon yayi ne. Na Jami'ar Bayero na 2006 Hausa zalla ne, da ƙa'idar rubutu ta yanzu. Abin da ba na amincewa da shi shi ne yawan abin da na gani a Facebook. Kuskure in ya yi yawa yakan yi kama da ƙa'ida.

Mataki na shida: ba wani ya karanta

Bayan ka gama, nemi wanda bai san labarin ba, ka miƙa masa ya karanta a bayyane, kai kuma ka yi shiru. Kada ka taimaka masa. Duk inda ya yi tuntuɓe, ko ya koma baya ya sake ɗauko jimla da wata murya, sa alama a nan. Ba karatunsa ne ya gaza ba, wurin ne ke da ma'ana biyu.

Katin auren ƙanwar tawa ni na buga. Rubutun da Baba ya aiko da shi babu ƙugiya ko ɗaya, ni kuma ina sauri, sai na sa kwamfuta ta bi duk inda "daura" take ta mayar da ita "ɗaura". Na duba sau biyu, ban ga komai ba. Kafin in tura wa firinta na miƙa wa yaron shago, wanda bai fi wata uku da fara koyon aiki ba. Ya karanta har ya kai wajen adireshi, ya tsaya, ya sake karantawa, sannan ya ɗago kai.

Ya ce, "Maigida, wa za a ɗaura da masallaci?"

Gidan da ke daura da masallaci ne. Na karɓi takardar na cire ƙugiyar da hannuna, shi kuma na aike shi ya sayo mana masa ta ɗari biyar.